RANAR DA NA FAƊA TAFKIN FADAR BILENIM

Wata ranar Asabar a farkon watan Yuni na 2023, da misalin ƙarfe goma na safe, na sami kaina tsaye a bakin wani tafki a tsakiyar ƙasar Ingila, sanye da wata baƙar rigar roba wadda ta ɗame ni tun daga wuya har idon sawu, da hular roba a ka, ga tabaran ruwa a goshi. Shekaruna 56 a lokacin. Da wani daga cikin abokan zamana na majalisar bayan la'asar a Kaduna ya gan ni, da ya rantse ba ni ba ne, in kuwa ya tabbata ni ne, da ya ce a yi maza a nemo mai ruƙiyya. To, yadda aka yi na kai ga wannan hali, da irin wurin da abin ya auku, da abin da idona ya gani a can, su ne nake so in ba masu karatu labari.

MAFARIN MAGANA

Mutum biyu ne suka kai ni. Na farko likita. A cikin 2022 ya auna ni ya ce suga ya yi mini yawa a jini, ga hawan jini yana biye da shi. Ya kuma gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa ƙwayar magani kaɗai ba za ta fisshe ni ba, muddin rayuwata daga kujerar ofis ce zuwa kujerar mota, daga kujerar mota zuwa tabarmar majalisa. Ta biyu kuwa jikata ce.

Ɗana na fari, wanda bisa al'ada ba na kama sunansa, yana zaune da iyalinsa a birnin Oksfod. A ƙarshen wannan shekara muka kai musu ziyara ni da uwargida. Ran nan aka ce mu raka amaryata, watau jikar tawa mai shekara 8, wurin koyon iyo, domin a makarantun firamare na Ingila wajibi ne a koya wa yaro iyo, ana son kafin ya gama ajin ƙarshe ya iya ninƙaya ta mita 25. Na zauna a kan benci ina kallo, yarinya ta faɗa ruwa kamar tarwaɗa. Da ta fito sai ta ce, "Angona, kai mita nawa kake yi?" Na ce ni ruwan alwala da na wanka sun ishe ni. Ta tafa hannu ta ce, "Ashe rago na aura!" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta taɓa wani wuri da ba wanda ya san da shi.

A daminar 1976, ina da shekara 9 a birnin Zariya, ni da wani abokina muka sulale daga makarantar allo muka tafi wani kududdufi da aka haƙa garin ɗibar ƙasar gini. Ni na tsaya a gefe inda ruwa bai wuce gwiwa ba, shi kuwa ya nausa tsakiya. Na ga hannunsa sau biyu, daga nan ban ƙara ganin komai ba. Tsoron bulala ya sa na ruga gida na yi gum da bakina. Sai bayan magariba aka tashi nemansa, da gari ya waye aka tsamo shi. Tun daga ranar ban ƙara shiga ruwan da ya wuce idon sawuna ba, ban kuma taɓa gaya wa kowa ina wurin ba, har iyayena suka koma ga Mahaliccinsu.

Saboda haka da ɗana ya ce cikin raha akwai wani tsere da ake yi kusa da su, shi da abokansa za su shiga, in ina so a rubuta sunana, sai na ji bakina ya ce a rubuta. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, da girmanka?" Na ce ai na riga na faɗa, magana kuwa zarar bunu ce.

TSEREN UKU-A-ƊAYA

Wannan wasa Turawa suna kiransa tirayatilon, ni kuwa na laƙaba masa suna tseren uku-a-ɗaya, domin tsere uku ne a jere ba hutu a tsakani: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu da ƙafa. Agogo ba ya tsayawa tun daga shiga ruwa har a ƙetare layin ƙarshe, ko lokacin da mutum ya ɓata wajen tuɓe riga da ɗaure takalmi a cikin lissafi yake.

Ko da yake tun a shekarun 1920 Faransawa sukan haɗa wasanni uku irin haka, wanda ake yi a yau an fara shi ne a Amurka, a gaɓar teku ta birnin San Diyago, ranar 25 ga Satumba, 1974. Waɗansu 'yan ƙungiyar gudu biyu, Jack Johnstone da Don Shanahan, su suka shirya, mutum 46 suka shiga. Bayan shekara uku da 'yan watanni, a watan Fabrairu na 1978, aka yi mai tsananin a Hawayi, wanda ake kira Ironman: iyon kilomita 3.8 a teku, da keke na kilomita 180, da gudun kilomita 42. Mutum 15 suka tashi, 12 suka gama, wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, sai da ya shafe awa 11 da minti 46. An kafa ƙungiyar wasan ta duniya a garin Abinyon na Faransa a 1989, sa'an nan aka shigar da shi wasannin Olimfik a birnin Sidni a 2000, inda ake iyon mita 1,500, da keke na kilomita 40, da gudun kilomita 10.

Namu na 'yan koyo kimanin rabin wannan ne: iyon mita 750, keke kusan kilomita 20, gudu kilomita 5 da 'yan kai. A takarda kamar ba wani abu ba ne. Amma ga wanda bai taɓa cusa fuskarsa cikin ruwa ba, mita 750 da tekun Bahar Maliya duk ɗaya suke.

SHIRIN WATA BIYAR

Da na komo Kaduna na sanar da likita, ya ƙara auna ni, ya ba ni izini bisa sharaɗin in bi a hankali. A watan Janairu na fara zuwa wurin iyo na wani masauki bayan sallar asuba, lokacin da ba kowa, don kada a ga dattijo da furfura yana fantsama ruwa kamar ɗan tsako. Malamina wani saurayi ne Banufe, wanda ya ce bai san ranar da ya koyi iyo ba, kamar yadda bai san ranar da ya koyi tafiya ba. Mako biyu muka yi ba abin da yake koya mini sai fitar da numfashi a ƙarƙashin ruwa. Ya ce, "Baba, ruwa ba ya son mai gardama. In ka sake jikinka zai ɗauke ka, in ka ƙanƙame shi ne yake haɗiye ka."

Keke bai ba ni wuya ba, domin na yi shekaru ina tuƙa Raleigh na mahaifina zuwa makaranta. Gudu kuwa da tafiya na fara, sa'an nan sassarfa. Azumi ya kama a ƙarshen Maris, sai na mai da motsa jikin bayan sallar asham. Kafin mu tashi zuwa Ingila a tsakiyar watan Mayu, ina iya yin mita 800 da iyon kwaɗo ba tare da na dafa bango ba, wandunana kuma duk sai da tela ya rage musu ƙugu.

FADAR DA YAƘI YA GINA

Wurin tseren yana gefen wani ƙaramin gari mai suna Wudistok, kimanin kilomita 13 arewa maso yamma da Oksfod. Sunan fadar a rubuce Blenheim ne, a baki kuwa Bilenim. Mun je kwana biyu kafin tseren don mu ga wuri, tun da an ce gani ya kori ji.

Asalin sunan wani ƙauye ne a ƙasar Jamus, a bakin kogin Danub. A can ne ranar 13 ga Agusta, 1704, wani sarkin yaƙin Ingila mai suna John Churchill, tare da abokan ƙawancensa, ya karya rundunar Faransa da ta Babariya, har aka kama babban kwamandan Faransawa. Yana riƙe da sarautar Diyuk na Malboro, Diyuk kuwa ita ce sarauta mafi girma a Ingila in an cire gidan Sarki. Don a saka masa, Sarauniya Anne ta ba shi wannan fili, aka kuma ɗauki alkawarin gina masa gida da kuɗin hukuma. Aka fara aiki a 1705 bisa tsarin wani magini mai suna John Vanbrugh.

To, amma alkawarin fada ba a rataya masa jaka. Matar Diyuk, Sarah, wadda a da ita ce aminiyar Sarauniya, ta ɓata da ita, kuɗi suka tsaya a 1712, leburori suka watse ana bin hukuma bashi. Da aka koma aiki a 1716 da aljihun Diyuk aka koma, matar kuma ta sa maginin a gaba da faɗa a kan tsada har ya yi fushi ya tafi. A 1725 ya zo don ya ga abin da ya gina, masu gadi suka hana shi shiga. Shi kansa Diyuk ya rasu a 1722, bai daɗe yana cin moriyar gidan ba. Har yanzu zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar, kuma kuɗin hayar filin da suke biyan Sarkin Ingila kowace shekara shi ne wata 'yar tuta irin ta sarakunan Faransa na da, a matsayin tunawa da wancan yaƙi.

Ginin kansa na dutse ne mai launin zuma, in rana ta haska shi sai ka ce an shafa masa man shanu. Ɗakuna 187 ne a ciki. Zauren shiga tsawonsa zuwa sama mita 20 ne, ɗakin karatu kuma dogon soro ne na mita 55 mai ɗauke da littattafai kimanin 10,000. A duk Ingila shi kaɗai ne gidan karkara da ake kira fada alhali ba na Sarki ba ne, ba kuma na babban limamin coci ba. An buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1950, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987.

A wani ƙaramin ɗaki kusa da zaure aka haifi Winston Churchill ranar 30 ga Nuwamba, 1874, mahaifiyarsa ta zo ziyara naƙuda ta kama ta. Duniya ta san shi da jagorancin Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, amma ni da na tsaya gaban gadon, abin da ya faɗo mini daban ne. Wannan jariri shi ne ya girma ya hau doki a yaƙin Umdurman na Sudan a 1898, shi ne kuma ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka daga 1905 zuwa 1908, watau zamanin da aka yi tashin Satiru kusa da Sakkwato a 1906, takardun ƙasarmu ta teburinsa suke bi. Ga shi yau jikan waɗanda aka mulka ya sayi tikiti yana leƙa ɗakin haihuwarsa. Duniya rawar 'yan mata.

Filin da ya kewaye fadar ya kai eka 2,000, kuma ya girmi fadar nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 12 Sarki Henry na Ɗaya ya kewaye shi da ganuwa, ya ajiye zakuna da damisoshi da raƙuma har da beguwa. Akwai itatuwan ok a ciki waɗanda suka haura shekara 900. A kan wani tudu akwai hasumiya mai tsawon mita 41 da mutum-mutumin Diyuk a ƙolinta. Tafkin kuwa ba halittacce ba ne. Vanbrugh ya gina wata ƙasaitacciyar gada mai ɗakuna fiye da 30 a cikinta bisa wani ɗan rafi mai suna Gilaim, har mutane suka riƙa yi masa ba'a cewa ya yi wa ƙorama gadar kogi. Daga 1764 wani gwanin tsara lambu, Lancelot Brown, ya datse rafin, ruwa ya taru ya cinye ɗakunan ƙasa na gadar, ya zama tafkin da ake gani. Da na ji haka na ce a raina, ashe shi ma kududdufi ne, sai dai na masu kuɗi.

CIKIN RUWA

Ranar tsere muka yi sammako, ko da yake sammako a Ingila a watan Yuni abin dariya ne, domin tun kafin ƙarfe biyar rana ta fito, ba ta faɗuwa kuma sai bayan tara na dare. Ayarinmu mota uku ne: ni da uwargida, da ɗana da matarsa da amaryata, da abokan aikinsa uku waɗanda suka raba tseren a tsakaninsu kowa ya ɗauki kashi ɗaya, sai wani maƙwabcinsu Bature ɗan shekara 70, tsohon direban bas, wanda ya ara mini kekensa. Shi wannan karo na shida ke nan yana shiga.

Dubban mutane ne suka cika wurin, maza da mata, masu jiki da sirara, matasa da tsofaffi. A babban tsakar fadar aka jera kekuna a kan ƙarafa, sahu-sahu, kowa da lambarsa. Aka ɗaura mini wata 'yar na'ura a idon sawu mai ƙidaya lokaci. Da na sa rigar robar nan na ga yadda ta fitar da surata, sai na ɗora gajeren wando mai faɗi a kai, don surukata tana wurin. Baturen nan ya ce wandon zai rage mini sauri. Na ce masa saurin da zai rage bai kai kunyar da zai rufe ba.

Rukuni-rukuni ake shiga ruwa. Kafin namu wani jami'i ya yi mana bayani: wanda ya ji ba daidai ba ya juya rigingine ya ɗaga hannu ɗaya, masu ƙananan kwalekwale suna kewaye. Na yi bisimilla na gangara.

Sanyin ruwan ya shiga ta wuyan rigar ya gangara bayana kamar wuƙa. Na cusa fuska na buɗe ido. A wurin iyonmu na Kaduna ana ganin ƙasa da layukanta, nan kuwa ba abin da na gani sai kore-kore mai duhu, irin launin ruwan nan na 1976. Numfashina ya sarƙe, ƙirjina ya ɗaure, ƙafafun mutane suna dukana ta ko'ina. Ban yi mita 100 ba na juya rigingine na ɗaga hannu.

Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar autata ba ta iso da kwalekwalenta, ta ce in riƙe hancinsa. Ta ce ba laifi ba ne a huta muddin ba ta ja ni gaba ba. Ta ce sanyin ruwa ne ke sa numfashi ya riƙa fizga a farkon shiga, in na yi haƙuri minti ɗaya ko biyu zai daidaita, in kuwa ina son fita za ta kira jirgi. Ɗana yana gefe yana tattaka ruwa, ya bar abokansa sun wuce. Ya ce, "Baba, in ka fita ba wanda zai ce komai. Ka riga ka yi abin da ba a zata ba."

Na dubi gaɓa, ga ta nan kusa. Na dubi tsakiyar tafkin. Abin da ya zo mini a rai shi ne, na taɓa tsayawa a gefe sau ɗaya na kuma gudu gida, shekara 47 ke nan ina biyan kuɗin wannan gudu. Numfashi ya fara komowa kamar yadda yarinyar ta faɗa. Na saki kwalekwalen. Na ƙudurta zan riƙa ƙirga bugun hannu kamar tasbihi: 33, in ɗaga kai in duba hanya, in sake wani 33. Haka na yi ta yi, ɗana yana dama da ni, fadar tana bisa tudu tana kallonmu, har na ji hannun wani ya kama nawa ya jawo ni kan dandamali. Minti 27 na yi a cikin ruwan. A rukuninmu mutum biyu kaɗai na bari a baya.

KEKE DA GUDU

Duk wanda ya taɓa tseren Bilenim zai ba ka labarin hawan da ke tsakanin tafki da fada, kimanin mita 400 a kan tudu, ba takalmi, jiki yana ɗigar ruwa. A nan na fara jin muryar amaryata tana ihu da Hausarta mai gargada, "Angona bai nutse ba! Angona bai nutse ba!" Uwargida tana bayanta, ta rufe baki da gefen mayafi, ban sani ba dariya take ko kuka.

Dokar wurin kekuna mai tsanani ce. Ba a taɓa keke sai an sa hular kwano an ɗaure igiyarta, ba a kuma hawa sai an tura shi an ƙetare wani layi. A kan hanya an hana mutum ya manne a bayan wani don ya fake daga iska, saboda haka ɗana ya ba ni rata. Zagaye uku ake yi cikin filin, hanyar kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, hawa da gangara ce cikin inuwar tsofaffin itatuwan nan, tumaki suna kiwo ba ruwansu da mu. A zagaye na biyu, a kan hawa mafi tsayi, sarƙar kekena ta zame. Na sauka ina fama, hannu duk baƙin mai, sai wata mata mai furfura ta tsaya, ta mai da ita cikin ƙiftawar ido, ta hau nata ta wuce ba ta ko jira godiya ba. Minti 58 na yi a kan keke.

Da na sauka na fara gudu sai na ji ƙafafuna kamar na aro. Baturen nan ya riga ya gargaɗe ni: naman cinya ya saba da juya feda kusan awa guda, sai an ba shi lokaci kafin ya tuna yadda ake taka ƙasa. Zagaye biyu ake yi a bakin ruwa, a bi ta kan gadar Vanbrugh. Na yi na farko da sassarfa, na biyu kuwa rabinsa tafiya ce. Mutanen da ban sani ba suna ta tafa mini suna kiran lambata. Na tuna labarin da ɗana ya ba ni na 'yan'uwan nan biyu na Ingila, Alistair da Jonathan Brownlee, yadda a ƙasar Meziko a 2016 zafi ya kusa ka da ƙanen dab da layin ƙarshe, wan ya bar neman nasararsa ya rungumo shi ya kai shi. Ni ban kai ga a rungume ni ba, amma da muka hango layin ɗana ya rage sauri ya koma bayana. Na ce, "Wuce mana." Ya ce, "Baba, ɗa ba ya shiga gaban ubansa." Agogo ya nuna awa 2 da minti 21. Waɗanda suka zo na farko sun daɗe da yin wanka.

A ƘARƘASHIN ITACE

Surukata ta shimfiɗa darduma a ƙarƙashin wani itace, ta fito da dambun shinkafa da soyayyar kaza da zoɓo, Turawan nan suka ci suna share hawayen yaji. Na yi alwala da ruwan gora na yi azahar a kan ciyawa, ba wanda ya ko waiwaye ni. Da jama'a suka tashi kallon sauran masu tsere, ya rage daga ni sai uwargida da ɗana, sai na ba su labarin kududdufin Zariya tun daga farko har ƙarshe. Uwargida ta yi shiru, can ta ce, "Shekara talatin da ɗaya muna tare, Malam." Na ce haka ne. Ta ce, "Yaro ne kai a lokacin. Allah Ya jiƙansa." Muka shafa fatiha. Da na komo gida na nemi 'yar'uwar marigayin, wadda ita kaɗai ta rage a gidansu, na gaya mata, ta ce ta yafe, kwana ne ya ƙare.

Da yamma muka biya ta ƙauyen Baladon a gefen filin, inda aka binne Churchill a 1965. Kabari ne na dutse a bayan wata ƙaramar coci, daga nan zuwa ɗakin da aka haife shi bai fi tafiyar ƙafa ba. Mutumin da ya zaga duniya ya juya ta, ga iyakar inda ya tsaya.

Ba mu cika kwana goma da wannan tsere ba sai labari ya iske mu cewa jirgin ruwa ya kife a kogin Kwara wajen Patigi da 'yan biki, fiye da mutum 100 suka rasu, da yawansu mata da ƙananan yara. Na tuna yarinyar nan mai kwalekwale, da yadda aka kewaye mu da masu ceto saboda wasa kawai. Ba na ce kowa ya tafi Ingila tsere ba. Amma muna da Kabawa da Nufawa da Sarkawa waɗanda iyo gadonsu ne, duk wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu ya san ba mu rasa malamai ba. Me zai hana makarantunmu su ɗauke su su koya wa yara? Me zai hana a tilasta rigar ceto a kowane jirgin fito, a kuma cike ko a katange kududdufan da ke tsakiyar unguwanni? Iyaye kuma su sassauta bulala, domin yaron da ke tsoron duka ba ya kawo labari da wuri.

Likita ya sake auna ni bayan na dawo, ya rage mini ƙwaya ɗaya. Lambar yabon da aka rataya mini kuwa ba ta zo Nijeriya ba. Amaryata ta karɓe ta tun a filin, ta ce sadakinta ne da na daɗe ban biya ba. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, mu kuma Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.